Tseren Motoci: Yadda Mutuwar Direbobi Ta Tilasta Gyara

Ran 29 ga watan Nuwamba na shekarar 2020, a filin tseren motoci na ƙasar Bahren, motar wani direba Bafaranshe mai suna Romain Grosjean ta kauce hanya tana gudun kilomita 192 cikin awa, ta kutsa cikin shingen ƙarfe, ta rabe gida biyu, nan take wuta ta tashi. Jama'ar da ke kallo ta talabijin sun riga sun fid da rai. Bayan daƙiƙa 28 sai ga mutumin ya fito daga cikin wutar da ƙafarsa, ya tsallake shingen, likita ya tarbe shi. Babban raunin da ya samu shi ne ƙuna a bayan hannuwansa.

Shekara 47 kafin wannan, ran 29 ga watan Yuli na 1973, irin wannan haɗari ya sami wani saurayi ɗan Ingila, Roger Williamson, a filin Zandvoort na ƙasar Holan. Motarsa ta kife, ta kama wuta, shi kuwa yana ciki da ransa, bai ma ji wani mugun ciwo ba. Wani abokin tserensa, David Purley, ya tsai da tasa motar, ya sheƙo da gudu, ya yi ta ƙoƙarin tayar da motar shi kaɗai. Ma'aikatan agaji da ke gefen hanya ba su iya matsowa ba, domin tufafin da ke jikinsu ba masu kare wuta ba ne. Ba a tsai da tseren ba. Kafin motar kashe gobara ta iso, hayaƙi ya riga ya kashe Williamson.

Haɗarin Grosjean ya fi na Williamson muni nesa ba kusa ba, amma ɗaya ya rayu, ɗaya ya mutu. Abin da ya shiga tsakaninsu shi ne shekaru 47 na gyare-gyare, kuma wanda duk ya bi tarihin waɗannan gyare-gyare zai tarar kusan kowane ɗayansu sai da aka binne wani sa'an nan aka yarda da shi.

Zamanin da rai ba shi da tsada

An fara gasar zakaran duniya ta tseren motoci, wadda ake kira Formula 1, cikin 1950, a ƙarƙashin Ƙungiyar Motoci ta Duniya, watau FIA, mai hedkwata a birnin Paris. A shekarun farko direba yakan shiga mota da 'yar riga da hular fata, ba ɗamarar kujera, tankunan mai na kewaye da shi. Da yawa daga cikin filayen tseren hanyoyin gari ne da aka rufe na yini biyu ko uku, itatuwa da gidaje da turakun waya suna nan a gefe, abin da ke tsakanin mota da 'yan kallo kuwa sau da yawa bai wuce dammunan ciyawa ba.

Bala'i mafi girma a tarihin wannan wasa ya auku ran 11 ga watan Yuni na 1955, a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Motar Mercedes da Pierre Levegh yake tuƙawa ta hau bayan wata mota, ta tashi sama, ta tarwatse, injinta da sauran ƙarafa suka yi cikin taron jama'a. Levegh ya mutu tare da 'yan kallo fiye da 80. Masu shirya tseren suka bari aka ci gaba, hujjarsu ita ce in jama'a suka watse gaba ɗaya za su toshe wa motocin asibiti hanya. Kamfanin Mercedes ya janye motocinsa a cikin daren, a ƙarshen shekarar kuma ya bar tsere na shekaru masu yawa. Gwamnatin Suwizalan ta haramta tseren zagaye a ƙasarta, ba a sake yin irinsa a can ba sai cikin 2018, sa'ad da motocin lantarki suka yi tsere a birnin Zurich.

Duk da wannan tashin hankali, ɗabi'ar masu wasan ba ta sake ba. Cikin 1957 tseren Mille Miglia na Italiya ya ci ran direba da mataimakinsa da 'yan kallo 9, har da yara. Cikin 1961, a filin Monza, Wolfgang von Trips na Jamus ya mutu tare da 'yan kallo 15. Cikin 1967 Lorenzo Bandini ya ƙone a Monako, dammunan ciyawar da aka jera don kāriya su suka ƙara wa wutar ƙarfi. Ra'ayin da ya fi rinjaye a lokacin shi ne wanda ya zaɓi wannan sana'a ya san abin da ya saya, in ya mutu kuskurensa ne, ko kuwa kwanansa ne ya ƙare.

Mutumin da ya ƙi yarda

Wanda ya fara yi wa wannan ra'ayi tawaye a fili shi ne Jackie Stewart, mutumin Sikotilan, wanda ya zama zakaran duniya sau uku. Cikin 1966, a filin Spa na Beljiyam, ruwan sama ya sa motarsa ta zame ta faɗa kusa da wani gidan gona. Ya maƙale a ciki wajen minti 25, mai yana zuba a jikinsa. Direbobi biyu ne suka cece shi, Graham Hill da Bob Bondurant, da sifana da suka aro wajen wani ɗan kallo suka kwance sitiyari. Motar da ta ɗauke shi zuwa asibiti kuma ta ɓace hanya. Daga ranar Stewart ya riƙa ɗaure sifana a cikin motarsa, ya kuma shiga neman a kafa shingen ƙarfe, a sare itatuwan gefen hanya, a tanadi likitoci da masu kashe gobara.

Shekarar 1968 ta ba shi hujja mai ɗaci. Ran 7 ga watan Afrilu Jim Clark, wanda abokan sana'arsa suke ganin babu kamarsa wajen ƙwarewa, ya mutu a Hockenheim ta Jamus sa'ad da motarsa ta bugi itatuwa. Cikin watanni uku da suka biyo baya manyan direbobi uku suka bi shi, kowane wata mutum ɗaya. Mutuwar Clark ta rushe zancen cewa gwani ba ya mutuwa sai wanda ya yi kuskure.

Stewart ya sha suka ƙwarai. Masu filaye suka ce kuɗin gyaran ya fi ƙarfinsu, waɗansu 'yan jarida suka kira shi matsoraci, har cikin direbobi akwai waɗanda suka ga yana zubar da darajar wasan. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne ƙauracewa. Cikin 1969 direbobi suka ƙi zuwa Spa, aka soke tseren Beljiyam. Cikin 1970 suka ƙi filin Nurburgring na Jamus, tilas aka mai da tseren wani fili har aka yi gyara. Da masu filaye suka ga kuɗin ƙofa zai kuɓuce musu, sai shingen da suka ce ba za su iya saye ba ya samu. A cikin wannan shekara ta 1970 Jochen Rindt ya mutu a Monza, ya zama mutum ɗaya tak da aka naɗa zakaran duniya bayan ransa. Ɗamarar kujera ba ta zama tilas ba sai 1972, alhali kamfanin Volvo ya fara sa ta a motocin gida tun 1959. Stewart kansa ya ajiye tuƙi cikin Oktoba na 1973, bayan abokin aikinsa François Cevert ya mutu a Amurka ana gobe tseren da zai cika masa na 100.

Likita a bayan motoci

Ran 1 ga watan Agusta na 1976 Niki Lauda na Ostiriya ya ƙone ƙwarai a Nurburgring, filin da tsawon zagayensa ya kai kusan kilomita 23, wanda babu yadda za a wadata shi da masu agaji. Lauda ya nemi a ƙaurace wa tseren tun kafin a fara, abokansa suka kayar da shawarar a ƙuri'a. Su ne kuma suka jawo shi daga wuta. Cikin Maris na 1977, a Kyalami ta Afirka ta Kudu, wani matashin ma'aikaci ɗan shekara 19 ya ratsa hanya da tukunyar kashe gobara a hannu, motar Tom Pryce ta buge shi, tukunyar ta sami Pryce a ka, su biyu suka mutu. Wannan ya nuna cewa agaji ba tare da horo ba shi ma haɗari ne.

Babban canji ya zo cikin 1978, sa'ad da aka ɗauki Farfesa Sid Watkins, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa na London, ya zama likitan gasar. Cikin Satumba na wannan shekara motoci da yawa suka yi karo a farkon tseren Monza, 'yan sanda suka hana Watkins isa wurin, Ronnie Peterson na Suwidin ya mutu a asibiti kashegari. Watkins ya kafa sharuɗɗa: a tanadi ɗakin jiyya mai cikakken kaya a kowane fili, da jirgi mai saukar ungulu, da kuma motar likita wadda za ta bi motocin tsere a baya a zagayen farko, lokacin da aka fi yin karo. Wannan motar likita ce, bayan shekara 42, ta isa wurin Grosjean cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Injiniyoyi ma sun ba da tasu gudummawa. Cikin 1981 kamfanin McLaren ya ƙera akwatin da direba yake zama da zaren kabon, wani abu mara nauyi mai matuƙar ƙarfi, daga 1985 kuma aka tilasta wa kowane kamfani ya kai motarsa a gwada ta da karo kafin a yarda ta shiga fili. Bayan mutuwar direbobi biyu cikin 1982, shekara 12 suka wuce ba wanda ya mutu a ranakun gasa, har aka fara zaton an gama da matsalar.

Imola da abin da ya biyo baya

Kwana uku a filin Imola na Italiya suka kawar da wannan zato. Ran 29 ga Afrilu na 1994 Rubens Barrichello ya yi mummunan haɗari ya tsira. Ran 30 ga wata Roland Ratzenberger na Ostiriya ya mutu a gwaji. Ran 1 ga watan Mayu Ayrton Senna na Birazil, zakaran duniya sau uku, ya bugi bangon siminti a kwanar Tamburello, duniya tana kallo. Gwamnatin Birazil ta ba da kwana uku na zaman makoki.

Abin da ya bambanta wannan karo da na baya shi ne yadda aka ɗauki lamarin. Shugaban FIA na lokacin, Max Mosley, ya kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Watkins, aikinsa ya auna kowane haɗari da lissafi, ya gano abin da ya raunata mutum, ya kawo magani. Aka ƙayyade gudu a gaban rumfunan makanikai, aka sake fasalin kwanoni masu haɗari, aka ɗaga gefen mazaunin direba don kare kai cikin 1996. Cikin 1997 aka sa wa kowace mota na'urar da ke ajiye bayanin haɗari kamar ta jirgin sama, cikin 1999 kuma aka fara ɗaure tayoyi da igiya mai ƙarfi don kada su ɓalle su tashi sama. Tambayar da ake yi a dā ita ce wa ya yi laifi. Daga 1994 aka ƙara mata ta biyu, watau me ya sa laifin ya zama sanadin mutuwa.

Labarin Amurka ya ƙara fito da darajar doka. Tun cikin shekarun 1980 wani masani, Robert Hubbard, ya ƙirƙiro abin da ake kira HANS, wata 'yar ƙwarya da ake ɗorawa a kafaɗa a ɗaure ta da hular kwano. Amfaninta shi ne sa'ad da mota ta tsaya farat ɗaya, ɗamara ta riƙe jiki, kada kai ya wuce gaba da ƙarfi har ƙashin gindin ƙoƙon kai ya karye. Na'urar tana kasuwa, amma direbobi kaɗan suka saya, suna cewa tana takura musu. Cikin shekarar 2000 direbobi uku na gasar NASCAR suka mutu da irin wannan karaya. Ran 18 ga Fabrairu na 2001 Dale Earnhardt, wanda ya fi kowa suna a gasar, ya mutu da ita a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500, bai sa na'urar ba. Cikin Oktoba na wannan shekara aka tilasta sa ta, Formula 1 kuma ta bi sahu cikin 2003. Fiye da shekara 20 suka wuce bayan haka ba a sake rasa direba a manyan gasannin NASCAR uku ba. Maganin yana nan tun tuni, abin da ya rage shi ne a ce dole.

Gardamar kāre kai

Ran 5 ga Oktoba na 2014, ana ruwan sama a filin Suzuka na Japan, motar Jules Bianchi ta zame ta shige ƙarƙashin wata ƙatuwar janwe da ta shigo ɗauke wata motar da ta lalace. Ya rasu ran 17 ga Yuli na 2015 yana da shekara 25. Aka kawo dokar da ke tilasta wa dukan motoci rage gudu lokaci ɗaya da zarar an ba da alama. Duk da haka, cikin Oktoba na 2022, a wannan fili dai, kuma cikin ruwan sama, aka sake shigo da janwe alhali akwai mota tana gudu, abin da ya fusata direbobi ƙwarai. Doka takan tabbata a takarda, amma mutane sukan manta dalilin da ya sa aka yi ta.

Mutuwar Henry Surtees cikin 2009, wanda taya ta faɗo masa a ka, da ta Justin Wilson cikin 2015, su suka ƙarfafa neman abin da zai kare kan direba. Aka ƙera wani baka na ƙarfen titaniyum da ake kira halo, wanda ke kewaye kan direba, yana iya ɗaukar nauyin kimanin tan 12. Yawancin kamfanonin tsere suka ƙi shi, 'yan kallo suka ce ya munana motar, har Niki Lauda, wanda tabon wuta ke fuskarsa, ya soke shi. FIA ta yi amfani da ikonta ta tilasta shi daga 2018. Grosjean yana cikin masu sukarsa, amma daga gadon asibiti ya amsa cewa ba don shi ba da bai rayu ba, domin shi ne ya buɗa shingen ƙarfen da zai sare masa kai. Ya sake ceton Lewis Hamilton a Monza cikin 2021, da Zhou Guanyu na Sin a Silverstone cikin 2022.

Masu adawa suna da magana ɗaya da ta cancanci a saurara. Suna cewa in direba ya tabbata motarsa za ta kare shi, zai ƙara ganganci, haɗari ya ƙaru. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, kuma shi ya sa alƙalan tsere suke ƙara tsananta horo a kan tuƙin keta. Amma lissafi bai goyi bayansu ba. A shekarun 1960 da 1970 da wuya shekara biyu su wuce ba a yi jana'izar direban Formula 1 ba. Daga bayan Imola cikin 1994 zuwa 2024 kuwa, shekara 30 cur, Bianchi kaɗai ne direban da aka rasa ta dalilin haɗari a gasar. Kuma motocin ba su rage gudu ba, 'yan kallo ma ƙaruwa suka yi.

Inda gyaran bai kai ba

Kada dai a ɗauka an gama. Anthoine Hubert ya mutu a Spa cikin 2019 a gasar da ke ƙasa da Formula 1, cikin 2023 kuma wani yaro ɗan shekara 18, Dilano van 't Hoff, ya mutu a filin nan dai. A tsibirin Man na Birtaniya, inda ake tseren babura a kan titunan gari, mutum fiye da 250 suka mutu tun daga 1911. Kāriya tana bin kuɗi da idon talabijin. Inda waɗannan suka yi ƙaranci, gyara yakan yi nawa.

Mutanen yammacin Afirka sun ga wannan da idonsu. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya fara isa Dakar cikin Janairu na 1979, ya sha ratsa Agadas da Yamai da hamadar Tenere a Jumhuriyar Nijar. Sa'ad da mai shirya shi, Thierry Sabine, ya mutu a haɗarin jirgi a Mali cikin 1986, jaridun duniya duka sun ɗauka. Mazauna ƙauyukan da motocin suka kaɗe kuwa, irin su yara biyu da aka kashe a Gini da Sanagal cikin 2006, ba safai ake jin labarinsu ba. An ƙayyade gudu a cikin ƙauyuka, amma sai bayan an yi hasarar rayuka. An soke tseren na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mai da shi Amurka ta Kudu cikin 2009, sa'an nan Saudiyya cikin 2020.

Darasi ga masu kula da hanya

Wani zai ce wannan wasan masu kuɗi ne a ƙasashe masu nisa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma bisa ga yawan jama'a nahiyar Afirka ce ta fi kowa hasara. Bayan Imola, Mosley ya sa ƙarfin FIA a cikin shirin gwada motocin gida da karo, wanda aka fara a Turai cikin 1997, ana ba kowace mota taurari gwargwadon kāriyarta. Da aka kawo irin wannan gwaji Afirka ta Kudu cikin 2017, sai aka tarar akwai sababbin motocin da ake sayarwa a nahiyar nan waɗanda ko tauraro ɗaya ba su samu ba.

A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya cikin 1988, aka fara tilasta ɗaura ɗamarar kujera cikin 2003, hular kwano ga masu babur kuma cikin 2009. Ƙorafin da aka ji a kan waɗannan dokoki, cewa suna takurawa, suna cin kuɗi, kuma ajali ba ya wuce ranarsa, shi ne dai wanda Stewart ya ji daga abokan sana'arsa. Tarihin tseren motoci ya nuna abu uku da ma'aikatan hanya da na lafiya za su iya ɗauka. Na farko, a binciki kowane haɗari har a gano abin da ya kashe mutum, kada rahoto ya tsaya a kan cewa direba ya yi ganganci. Na biyu, abin da aka tabbatar yana ceton rai a mai da shi doka, a kuma tsaya a kanta ko da ana gunaguni. Na uku, a tanadi agajin gaggawa kusa da wuraren da aka san haɗari yana yawan aukuwa, gama mutane da yawa suna mutuwa ne a cikin jiran taimako, kamar yadda Williamson ya mutu.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masu tseren motoci sun sayi wannan ilmi da rayukan gwanayensu cikin shekaru fiye da 60, kuma yana nan a rubuce ga duk hukumar da ke son amfani da shi ba tare da ta biya irin wannan farashi ba.